Jiran Wata a Kan Hasumiya: Jagora ga Mai Ɗaukar Hoto

Kusan kowane mai ɗaukar hoto da ya daɗe a cikin sana'ar yana da wani hoto guda da yake ɗauke da shi a zuci, wanda ya riga ya ga siffarsa da launinsa tun bai mallaki kyamarar da za ta iya kama shi ba. Kuma a cikin irin waɗannan hotuna na buri, babu wanda ya fi yawan manema, babu kuma wanda ya fi wahal da su, kamar hoton cikakken wata yana hudowa daidai bayan hasumiya, ko bisa kan dutse, ko bayan mahayin raƙumi a kan tudu, ya yi girma har ya cika fuskar hoton. Jama'a in suka ga irinsa sukan kasu biyu, waɗansu su ce sa'a ce kawai, waɗansu su ce haɗi ne na kwamfuta. Ma'abota sana'a kuwa sun san akwai hanya ta uku, ita ce nake nufin bayyanawa a nan gwargwadon yadda mai koyo zai iya binta da kansa.

A ranar 15 ga Disamba, 2023, wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Italiya, Valerio Minato, ya tsaya a kan tuddan da ke wajen birnin Turin, ya ɗauki hoto guda wanda abubuwa uku suka jeru a cikinsa bisa layi ɗaya: a gaba ƙubbar majami'ar Superga, a bayanta ƙololuwar dutsen Monviso mai tsawon mita 3,841, sa'an nan a bayan dutsen jinjirin wata ɗan kwana uku yana gangarawa zai faɗi. Bayan kwana goma hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ta zaɓe shi ya zama hotonta na ranar, ta kuma bayyana cewa mutumin ya fita sau biyar a cikin shekara shida domin wannan hoto, kowane karo yanayin sama yana hana shi. Abin lura a labarin shi ne ƙarancin fitar, domin wanda ya fita sau biyar kacal a shekara shida lalle ya san rana da sa'a tun kafin ya ɗaura jaka.

Haƙurin masu ɗaukar hoto iri biyu ne, wajibi ne kuma mai koyo ya rarrabe su. Akwai haƙurin mai bin dabba ko tsuntsu, irin na Alan McFadyen ɗan ƙasar Sikotilan, wanda jaridu suka ruwaito a 2015 cewa ya shafe shekara shida, ya danna kyamara kimanin sau 720,000, kafin ya sami hoton wani ɗan tsuntsu mai kamun kifi a daidai lokacin da bakinsa ya taɓa ruwa bai fantsama ba. Mafi yawan dabarar wannan ita ce yawan zama da maimaitawa, domin tsuntsu bai yi wa kowa alkawari ba. Wata kuwa mai alkawari ne. Allah ya ƙayyade masa tafiyarsa, har masu hisabi suna iya faɗa maka, shekaru kafin ranar, jihar da zai hudo da mintin da zai hudo. Saboda haka wanda ya fita neman wata ba da lissafi ba, jiran gawon shanu yake yi. Haƙurin da ake nema a wannan fage shi ne mutum ya gama duk abin da ke hannunsa na awo da bincike da tanadi, har ya zamana babu abin da ya rage sai gajimare da hazo, waɗanda ba a hannunsa suke ba.

Mas'ala ta farko ita ce girman wata, a nan ne kuma mai koyo yake fara cin karo da abin da ke ɓata masa rai, domin yakan ga wata ya hudo ja wur, ƙato, ya ɗaga wayarsa ya ɗauka, sai ya iske wani ɗigon fari a tsakiyar duhu, ya kama zargin wayar alhali kuwa ita ce ta faɗi gaskiya. Faɗin wata a sama kimanin rabin daraja ne, in an raba kewayen sama daraja 360, kuma haka yake ko yana ƙasa ko ya tsaya tsaka. Girman da ake gani masa a lokacin hudowa ruɗi ne na gani, wanda malamai suka daɗe suna tattaunawa a kansa, cikinsu har da Hasan ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, mai littafin Almanaziri, wanda ya mayar da sababin abin zuwa ga yadda hankali yake ƙiyasta nisa. Wanda yake shakka sai ya miƙa hannunsa, ya rufe ido ɗaya, ya sa ɗan ƙaramin yatsansa a kan watan da ya hudo, zai ga ya rufe shi har da saura. Gaskiya ne nisan wata da ƙasa yana canjawa, matsakaicinsa kilomita 384,400, kuma in ya matso iyakar matsowa yakan fi girma da kimanin kashi 14 cikin ɗari bisa ga in ya yi iyakar nisa, amma wannan bambanci bai isa ya gina hoto ba.

Abubuwa biyu ne suke gina shi, dukansu kuma lamba ɗaya ce take hukunta su, watau 110. Na farko shi ne tsawon gilashin kyamara, wanda shi ne yake yanke girman wata a fuskar hoton: raba tsawon gilashin da 110, abin da ya fita shi ne faɗin wata da milimita a kan allon da ke karɓar haske. Gilashi mai milimita 400 zai ba ka wata mai faɗin milimita uku da rabi da ɗoriya, mai 600 ya ba ka biyar da rabi, a kan babban allo mai milimita 36 da 24. Gilashin wayar hannu kuwa, wanda bai wuce kwatankwacin milimita 26 ba, zai ba ka abin da bai kai rubu'in milimita ba, shi ne ɗigon nan. Wanda kyamararsa take da ƙaramin allo kada ya yi baƙin ciki, domin a wannan aiki ribarsa ce, gilashi mai 300 zai yi masa aikin mai 450. Na biyu, wanda shi ne mafi yawan mutane suke jahilta, shi ne tazarar da ke tsakaninka da ginin, ita ce take yanke girman wata in an gwada shi da ginin, ba gilashi ba. Ninka tsawon abin da 110, abin da ya fita shi ne nisan da za ka tsaya in kana so faɗin wata ya yi daidai da tsawonsa. Hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sabunta a 1844, tsawonta mita 27, saboda haka mai son wata ya lulluɓe ta daga gindi zuwa kai sai ya ja da baya kusan kilomita uku. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, mai kimanin mita 15, tana bukatar abin da ya haura kilomita ɗaya da rabi. Mahayin doki, wanda shi da dokinsa ba su wuce mita biyu da rabi ba, in ka tsaya nisan mita 800 daga gare shi, wata zai ninka tsawonsa kusan sau uku, ya zama yana tafiya a cikin da'irarsa. Matsowa kusa da gini tana ƙaranta wata, ja da baya yana girmama shi, wannan ita ce ƙa'idar.

Daga nan wahala take farawa, domin hasumiya mai mita 27 in ka dube ta daga kilomita uku, kanta bai ɗaga sama da rabin daraja daga bakin sama ba, watau inda ido yake ganin sama ta haɗu da ƙasa, kuma a tsakaninku akwai benaye da bishiyoyin darbejiya da turakun wuta da dogayen ƙarafan kamfanonin waya, waɗanda a garuruwanmu na yanzu sun fi kowace hasumiya tsawo. Ra'ayina shi ne mai koyo kada ya fara da hasumiyar da ke tsakiyar birni, ya fara da abin da Allah ya riga ya ɗaga, kamar Dala a Kano, ko Kufena a Zariya, ko Zuma a kan hanyar Abuja, ko duwatsun Damagaram, ko wata kuka da ta tsaya ita kaɗai a kan tudu, domin abin da ya ɗaga daraja biyu ko uku yana ba wata damar fita daga ƙurar ƙasa kafin ya iso gare shi. In ya ƙware a waɗannan, sai ya koma wa hasumiya yana sane da cewa dole ne shi ma ya sami wuri mai tudu ko bene da zai hau.

Sai batun jiha. Mai neman hudowar wata yammacin abin yake tsayawa ya fuskanci gabas, mai neman faɗuwarsa kuwa gabashin abin yake tsayawa. Amma wata ba ya hudowa daga wuri ɗaya, mahudarsa tana kai da kawowa tsakanin arewa maso gabas da kudu maso gabas, kuma cikakken wata kullum kishiyar rana yake: a watan Disamba, sa'ad da rana ta karkata kudu, shi arewa yake hudowa, a watan Yuni kuwa ya koma kudu, a Maris da Satumba ya zo kusa da ainihin gabas. Iyakar wannan karkata ita ma ba tsayayya ba ce, tana buɗewa tana tsukewa a cikin zagaye na shekara 18 da wata bakwai. A ƙasar Kano, wadda take daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, in ta buɗe iyaka takan kai kimanin daraja 29 kowane gefe, in ta tsuke ta tsaya a 19. Ta buɗe iyaka a 2006, ta sake a ƙarshen 2024 zuwa 2025, ba za ta kuma ba sai wajen 2043, saboda haka akwai jeruwar da in ta kuɓuce wa mutum yana saurayi, sai ya yi furfura zai sake samunta. A nan akwai faɗakarwa da ta shafe mu musamman: mun saba kiran alƙibla gabas, amma alƙiblar Kano ta karkata arewa da ainihin gabas da kimanin daraja 22, don haka kada ka auna gabas da fuskar masallaci, sai da kamfas ko taswira. Wanda ya lura zai ga cikakken watan Disamba kusa da alƙiblar nan yake hudowa.

A da, sanin waɗannan abubuwa sai an durƙusa gaban malamin falaki an karanta manazilai da burujai. Yanzu manhajoji irin su PhotoPills da The Photographer's Ephemeris suna zana maka layin hudowar wata a kan taswira ga kowace rana da ka zaɓa. Yadda ake yi shi ne ka sa alama a kan ginin, ka zaɓi ranar, ka bi layin nan da baya zuwa yamma har nisan da ƙa'idar 110 ta ba ka, ka ga ina ya faɗa. Sau da yawa zai faɗa a tsakar gidan wani, ko cikin kududdufi, ko bayan bene. Sai ka sake rana, ko ka sake nisa, har ka sami inda ƙafa za ta iya tsayawa. Kada ka manta ka gaya wa manhajar tsawon ginin da tudun wurin da kake, domin abin da kake nema shi ne lokacin da wata zai kai tsayin kan hasumiyar, ba lokacin da zai ɓullo daga bakin sama ba, kuma a tsakanin lokutan biyu ya ɗan gusa dama. Alhamdu lillahi a ƙasashenmu gusawar kaɗan ce, domin kusancinmu da tsakiyar duniya ya sa wata yana hawa kusan a miƙe, saɓanin ƙasashen Turai inda yake hawa a karkace ƙwarai.

Mas'alar lokaci ita ce mafi tsanani. Wata yana cika sau ɗaya a kowane kwana 29 da rabi, a tsakanin daren sha uku da na sha biyar na watan Musulunci, watau kwanakin nan da ake azumin nafila a cikinsu. Amma ba kowane dare daga cikinsu yake yi ba, domin sharaɗin hoton shi ne hasken wata da hasken ginin su yi kusa da juna: in wata ya hudo da sauran rana sosai, zai fito fari fat, ya saje da sama, in kuma ya hudo bayan duhu ya rufa, to ɗayan biyu ne, ko ka auna hasken wata gini ya zama baƙi ƙirin, ko ka auna na gini wata ya ƙone ya zama farin faifai babu zane a fuskarsa. Abin da ake so shi ne wata ya iso kan ginin a daidai faɗuwar rana ko 'yan mintoci bayanta, sa'ad da shafaƙi yake ja kuma bangon ƙasa yana riƙe da sauran haske. Wannan taga a wurinmu ƙunci gare ta, domin almurunmu gajere ne, bai cika wuce minti ashirin da 'yan kai ba duhu ya shiga. Hudowar wata kuwa tana jinkirta kimanin minti 50 kowace rana, saboda haka akwai watannin da yau ya yi sauri, gobe ya makara, tagar ta wuce babu daren da ya faɗa cikinta. Wanda hudowa ta ƙi masa sai ya nemi faɗuwar wata da asuba, kwana ɗaya bayan cikarsa, ya tsaya gabashin ginin. Ni kam na fi son wannan, domin iskar safiya ta fi natsuwa, ƙura ta kwanta, gari kuma bai tashi ba.

Yanzu sai a lissafa abin da ya rage. A shekara wata yana cika sau goma sha biyu ko sha uku. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris hunturu ne, iska tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hazo ya rufe bakin sama har wata yakan hau daraja goma kafin a gan shi, ya riga ya wuce kan kowace hasumiya. Da bazara zafin ƙasa yana sa iska rawa, wanda ya leƙa dogon gilashi zai ga gini yana motsi saboda kawalwalniya, babu gilashin da zai gyara wannan komai tsadarsa. Da damina hadari ne, galibi kuma daga gabas yake tasowa da yamma, watau daidai jihar da kake kallo a daidai sa'ar da kake jira. Abin da ya saura shi ne kaka, Oktoba da farkon Nuwamba, sa'ad da ruwa ya wanke sama ya ɗauke kuma ƙura ba ta iso ba, sai kuma ɗaiɗaikun ranaku a farkon damina bayan an yi ruwa an share. Mai hankali sai ya gina burinsa a kan watan kaka, wanda yake hudowa arewa kaɗan da gabas, ya nemi matsayarsa a yamma maso kudu kaɗan da ginin. Tun da yake kuma shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya, ranar cikar watan kaka tana canjawa kowace shekara, mahudarsa ma haka, matsayar bara ba lalle ta yi bana ba. Wanda ya fahimci wannan lissafi ba zai yi mamakin shekara shida ba.

In ka sami rana da wuri a kan taswira, wajibi ne ka taka da ƙafarka ka je tun da sauran makonni, da rana tsaka, ka kafa kyamara ka leƙa, domin taswira ba ta nuna wayar lantarki da ta gitta, ko sabon benen da aka ɗora. Ka je da ladabi. Dogon gilashi a kan soro abin tsoro ne ga maƙwabta, kuma suna da gaskiya, domin daga nan ana hango tsakar gidajen aure. Ka fara da mai unguwa, ka yi sallama da mai gidan da za ka hau benensa, ka nuna masa a bayan kyamara abin da kake nufin ɗauka, ka kuma kiyaye kada bakin gilashinka ya sunkuya ƙasa. Ka nisanci barikin soja da gidan yari da ofisoshin tsaro ko da layin wata ta kansu ya bi, fada da masallaci kuwa a nemi izinin masu kula da su. Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba, shi ne mintocin da kake jira shekara guda su ne mintocin kiran sallar magariba. Ka zo da alwalarka da dardumarka, aikin ba ya wuce minti biyar in an shirya, ka gama ka yi salla a cikin lokacinta.

A ranar, ka isa da sa'a guda a hannu, batir cike, katin ajiya babu komai a ciki. Ka kafa maɗori mai ƙafa uku a ƙasa mai ƙarfi, kada ka zaro wuyansa, in da iska ka rataya masa jaka ta danne shi, domin a milimita 600 ko taɓa kyamara da yatsa yana girgiza hoto; ka sa ta jinkirta sakan biyu bayan dannawa, ko ka yi amfani da igiyar dannawa. Ka kashe saitin ido na kai-da-kai, ka saita da hannu a kan ginin tun da sauran haske, kana faɗaɗa hoton a bayan kyamara har ka ga ya fito tsaf, sa'an nan ka bar shi. In gini ya kai nisan kilomita ɗaya da rabi, gilashi mai 600 da aka buɗe ƙofarsa a kan f/8 zai riƙe shi da watan gaba ɗaya, mai 400 kuwa mita 700 sun ishe shi. Awon haske ma da hannu za ka yi. Watan da ya tsaya tsaka ƙa'idarsa sananniya ce, f/11 da ISO 100 da kashi ɗaya cikin 100 na sakan, domin dutse ne da rana take haskawa. Amma a bakin sama haskensa yana ratsa iska mai kauri fiye da ninki talatin, ya dushe ya yi ja, saboda haka ka fara daga wajen f/8 da ISO 400 da ɗaya cikin 125, ka ɗauka ka duba, ka gyara. Mizaninka shi ne baƙaƙen tabban da ke fuskar wata: muddin ana ganinsu, awo ya yi, in sun ɓace, ka rage haske, domin duhun gini ana iya ɗago shi daga baya, amma watan da ya ƙone ba ya dawowa. Ka ɗauka a tsarin RAW, ka kuma riƙa yin uku-uku, ɗaya daidai, ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

Wata yana tafiyar faɗin kansa a cikin minti biyu kacal, don haka daga sa'ad da gefensa ya taɓa kan hasumiya zuwa sa'ad da ya rabu da ita, abin da kake da shi ke nan. Kuskuren matsayi kuma ba ya yafuwa, domin a nisan kilomita uku, kaucewar mita goma sha uku tana gusar da wata rabin faɗinsa. Maganin wannan kowane yaro ya san shi, shi ne wata yana bin mai tafiya: in ya ɓullo dama da hasumiyar kana so ya koma hagu, ɗauki maɗorinka ka yi hagu, zai biyo ka. Saboda haka ka zaɓi matsayar da take da filin gusawa kudu da arewa, kamar hanya ko gefen fili ko doguwar baranda, ka kuma share ta daga duwatsu tun da rana, domin gudu da kyamara a cikin almuru ba wasa ba ne. Kada siffar watan ta dame ka in ka gan shi a ɗan baje, iska ce take lanƙwasa haskensa, har takan ɗaga shi sama da inda yake da abin da ya fi faɗinsa.

Jinjirin wata hukuncinsa dabam ne. Yamma ake nemansa bayan faɗuwar rana, mai ɗauka yana gabashin ginin, kuma daren biyu da na uku sun fi daren farko, domin ya ɗan yi kauri ya kuma daɗe bai faɗi ba. A ƙasashenmu yakan kwanta kamar ƙwaryar da aka ajiye, bakinta sama, a cikinta kuma ana ganin sauran jikin watan da wani haske mai rauni, wanda hasken rana ne da ya bugi duniyarmu ya koma masa. Leonardo da Vinci ya bayyana sababinsa a farkon ƙarni na 16, shi ne kuma ya sa aka ga da'irar watan duka a hoton Minato. Kama wannan haske yana bukatar a buɗe ƙofar gilashi iyaka, a ɗaga ISO zuwa 1600 ko fiye, amma kada buɗewar ta wuce rubu'in sakan a kan dogon gilashi, in ba haka ba tafiyar watan za ta shafe gefensa. Kuma ka kiyayi leƙa gilashi ta jihar yamma kafin rana ta faɗi sarai, domin dogon gilashi yana tara haskenta ya ƙona ido.

Wani lokaci dama takan zo ba da shiri ba, amma ko ita ba ta amfanar kowa sai wanda ya riga ya tara ilmi. Ansel Adams na Amurka yana cikin mota a jihar New Mexico ya hangi wata a kan wani ƙauye mai suna Hernandez, rana tana haska gicciyoyin maƙabartarsa tana gab da shiga gajimare. Ya tsaya ya kafa kyamara, ya nemi ma'aunin haskensa ya rasa, sai ya tuna miƙdarin hasken wata da ya haddace, ya gina awonsa a kai, ya ɗauki guda ɗaya, kafin ya juya fim ya ɗauki na biyu haske ya bar maƙabartar. Bai rubuta ranar ba, masana falaki ne daga baya suka ciro ta daga matsayin watan a hoton, 1 ga Nuwamba, 1941, ƙarfe 4:49 na yamma.

In kuwa ranar ta zo gajimare ya tsaya a gabas, kada ka naɗe kaya da wuri, domin wata yakan leƙo ta tsaga na 'yan sakanni; in ya wuce bai leƙo ba, ka buɗe littafinka ka rubuta ranar, da matsayar, da mintin da ka fara ganinsa da inda yake a lokacin, da yanayin iska, domin da wannan ne za ka gyara lissafin baɗi, sa'an nan ka duba ko faɗuwarsa ta asubar gobe za ta yiwu daga ɗaya gefen. A irin wannan dare ne zuciya take raya wa mutum ya ɗauko watan wani daren ya liƙa a kan hasumiyar, abin da kwamfuta take yi cikin minti ɗaya. Haɗa hoto ba haramun ba ne in an faɗa, amma a nuna shi da sunan abin da ido ya gani ha'inci ne, kuma ba ya ɓoyuwa ga masu sani: mujallar National Geographic, duk da girmanta, har yau ana ambaton yadda ta matso da dalar Giza kusa da 'yar'uwarta a bangonta na Fabrairu 1982 domin hoton ya shiga shafi. Mai hisabi yana iya duba hotonka ya gwada girman watan da tsawon ginin, ya duba jihar da inuwa ta faɗa, ya gaya maka ko akwai wurin tsayawa a bayan ƙasa da zai ba da wannan hoto. Saboda haka in Allah ya ba ka naka, ka daidaita agogon kyamara tun kafin ɗauka, ka ajiye ainihin fayil ɗin RAW a wuri biyu, tare da hotunan da suka gabace shi da waɗanda suka biyo shi a jere, domin su ne shaidunka ranar da wani zai ce haɗi ne.